Malam Rilwanu da Tsarin Hashimu

Shekara bakwai muka yi da Malam Rilwanu a ofis ɗaya, a sakandaren da muke koyarwa a Safana, ni ina koyar da aikin gona, shi kuma kwamfuta. Abin da zan faɗa a kansa, wani da idona na gani, wani kuma shi ya ba ni labari da bakinsa bayan komai ya lafa, ya kuma ce ba ya jin komai in na faɗa.

Ɗan Zakka ne. Mahaifinsa manomi ne mai shanun huɗa biyu, kuma a duk zuriyarsu Rilwanu ne farkon wanda ya wuce sakandare, har ya dawo daga Katsina da babbar difloma ta ilimin kwamfuta. Dogo ne siriri, mai son tsafta, ko alli ya taɓa sai ya wanke hannu. Makarantarmu na da kwamfuta goma sha biyu, uku kawai ke tashi, su ma sai ranar da aka sami man janareta. Saboda haka yawancin darasinsa a jikin allo yake zana shi. Bai taɓa yin ƙorafi gaban ɗalibai ba, amma in mun koma ofis sai ya dafe kansa ya ce, "Malam, abin da ke cikin kan nan yana nan yana ruɓewa."

Yana da aboki ɗaya tun na ƙuruciya, Hashimu. Gidajensu na jikin juna a Zakka, tare suka yi kiwon awaki, tare suka shiga firamare. Hashimu ya zauna jarrabawar gama sakandare sau biyu bai ci ba, sai ya haƙura ya kafa rumfar gyaran waya da caji a kasuwar Batsari. Rilwanu na son Hashimu, ba shakka, amma irin son da na gaba ke yi wa na baya. Duk ranar kasuwa yakan leƙa rumfar ya zauna a kan benci yana gyara wa Hashimu kalmomin Turanci. Shi ne ma ya koya masa yadda ake jera bayanai layi-layi a jadawali cikin waya, wata rana da ruwan sama ya tsare su.

A lokacin ƙasar tamu ba lafiya. Hanya ba ta da tabbas, mota za ta fita da safe, ba wanda zai numfasa sai ta dawo. Mutane da yawa sun bar gonakinsu na nesa sun koma noman bayan gari.

Akwai wani attajiri, Alhaji Uwaisu, mai sayar da iri da takin zamani da maganin dabbobi. Shagonsa huɗu: babban a Safana, sai na Batsari, da na Tsaskiya, da na Zakka. Motarsa ɗaya, tsohuwar a-kori-kura, direbanta wani dattijo mai suna Jinjiri. Damuwar Alhaji ita ce, maganin tsutsar ciki zai zauna a Zakka har ya lalace, alhali a Tsaskiya makiyaya na zuwa nemansa suna komawa hannu biyu. Jinjiri zai yi kasadar hanya ya kai taki inda ake neman iri. Wani ɗan'uwansa ya ce masa ai yanzu kwamfuta ke warware irin wannan, sai Alhaji ya aiko a kira Malam Rilwanu.

Ban taɓa ganin Rilwanu cikin farin ciki kamar na wannan lokaci ba. Wata uku ya yi yana aikin. Ya daina zuwa majalisa, ya daina leƙa Batsari. Ranar da ya gama ya gayyace ni na raka shi, muka sami Alhaji a babban shago zaune kan buhunan taki. Rilwanu ya buɗe kwamfutarsa ya shiga nunawa. Gaskiya abin ya yi kyau. Ga hoton Alhaji a shafin farko, ga zane-zane masu launi suna hawa suna sauka, kowane mai shago da lambar sirrinsa, komai da Turanci tsaf.

Alhaji ya kalla har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Malam, Allah ya yi albarka, ya yi kyau. To gobe da safe mi zan ɗora ma Jinjiri zuwa Tsaskiya?"

"Ranka ya daɗe, wannan sai masu shago sun shigar da bayanansu ta intanet, sannan ka shiga nan, ka danna nan, ka zaɓi rahoto na huɗu."

"To," in ji Alhaji. "Allah ya sa su shigar."

Ba su shigar ba. An saya wa kowane shago kwamfuta ta hannu, amma Tsaskiya da Zakka ba wuta, sabis kuma sai an hau tudu. Mati, mai tsaron shagon Tsaskiya, ajami yake karantawa. Ya manta lambar sirrinsa sau uku, a na huɗun kunya ta hana shi tambaya, sai ya naɗe kwamfutar cikin sabon zane ya ɗora ta saman kanta don kada ɓera ya taɓa. Da labari ya zo wa Rilwanu, ransa ya ɓaci ya ce, "Jahilci ne. Ka ba mutum jirgi ya ce shi jaki yake so."

Hashimu ya shigo maganar ne ba da niyya ba. Wayar Jinjiri ta lalace ya kai masa gyara, yana zaune yana jira yana zuba ƙorafi kan wahalar banza da yake sha a hanya. Hashimu ya saurara, ya tambayi Jinjiri ko zai yarda ya bi shi zagayen shaguna. Ya bar rumfarsa hannun maƙwabcinsa, ya yi kusan mako uku a gaban a-kori-kura. Bai ɗauki komai ba sai littafi da biro. A kowane shago zai sami wuri ya zauna, ya ga abin da ake tambaya, da abin da ake cewa babu, da yadda mai shago ke gane kwalba. Ya lura Mati ba ya kiran magani da sunan da ke jikin kwali, sai dai ya ce mai kan saniya, ko mai jan murfi. Daga nan ya je ya gaida Alhaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, in abu ɗaya kawai za a gaya maka kowace safiya, mi kake so ya zama?"

Alhaji ya ce, "Abin da zan ɗora a mota, da inda za a sauke shi. Sai kuma maganin da ya kusa mutuwa."

Abin da Hashimu ya haɗa ba shi da wani kyan gani. Tsofaffin wayoyi huɗu ya gyara, ya sa masu wata manhaja ta kyauta da ba ta buƙatar sabis. In ka buɗe, hotunan kayan za ka gani, waɗanda shi da kansa ya ɗauka: mai kan saniya, mai jan murfi, buhun iri. Mai shago ya taɓa hoto, ya sa adadin da ya rage, shi ke nan. In an tambayi abu babu, akwai jan maɓalli. Ya saya wa kowane shago ƙaramar sola ta cajin waya. Duk shagon da Jinjiri ya tsaya, sai a kara wayarsa da ta shagon, bayanan su tsallaka daga waya zuwa waya ta bulutut. In ya dawo Safana, shafi ɗaya ke fitowa, da Hausa, manyan baƙaƙe.

Sai ga shi a ƙarshen daminar 2021 an katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Wanda ke son kiran ɗan'uwansa sai ya yi tafiya. Tsarin Rilwanu, da ma numfashi ɗaya ya rage masa, ya mutu murus, don ko buɗewa ba ya yi sai da intanet. Na Hashimu kuwa ko a jikinsa. Watannin nan da kowane ɗan kasuwa ke lalube cikin duhu, Alhaji Uwaisu kaɗai ya san abin da ke cikin shagunansa. Sai maganar ta bazu. A tasha, a bakin masallaci, a wurin mai shayi, tsarin Hashimu, tsarin Hashimu.

A nan na ga mutum ya canza a gabana. Rilwanu ya rame. In an ambaci sunan Hashimu a majalisa sai ya shiga kaɗa ƙafa, can ya ce, "Wai tsari. Hotunan kwalabe ne fa. Ɗan aji ɗaya ma zai yi." Wata rana wani ya ce masa, "To kai da ka fi ɗan aji ɗaya mi ya hana ka yi?" Aka yi dariya. Ya tashi ya bar wurin, bai sake zama majalisar ba.

Ya kai ga in ya hango a-kori-kurar Alhaji tafe, sai ya karkata babur ya bi wani lungu. Matarsa Khairiyya ta taɓa yi wa Hashimu dambun zogale ta ce a kai masa, kamar yadda ta saba tun aurensu. Rilwanu ya ce a mayar da kwanon.

Ta ce, "Baban Lubna, mi Hashimu ya yi maka?"

Ya ce, "Ba abin da ya yi mani."

"To ai shi ne abin tsoron," in ji ta, ta ɗauke kwanonta.

Ya gaya mani daga baya cewa abin da ya fi ci masa rai ba yabon da ake wa Hashimu ba ne. Wata rana da Mati ya shigo Safana, ya karɓi wayarsa ya duba tsarin a ɓoye, yana neman kuskuren da zai nuna wa Alhaji, ya kuma sami kurakurai fiye da goma. Amma yana dubawa yana ganin jadawalin nan da shi ya koyar a kan benci. "Da hannuna na ba shi, Malam. Abu mafi ƙanƙanta cikin abin da na sani. Da shi ya wuce ni."

Hashimu kuwa bai daina zuwa ba. Yakan tsaya ƙofar gida ya yi sallama, a ce Malam ba ya nan, alhali babur na jingine a zaure. Sai ya ce a gaida shi, ya juya.

Ana cikin haka wata rana da hantsi wasu mutum biyu suka shigo ofishinmu, mace da namiji, daga wata ƙungiya mai tallafa wa masu sayar da kayan noma. Sun je shagon Alhaji ba su same shi ba, da suka ce suna neman mai kwamfuta sai aka nuno masu makaranta. Matar ta zauna ta shiga yabo. Ta ce sun zaga ƙananan hukumomi da dama ba su ga abin da ya dace da halin da ake ciki kamar wannan ba, wanda ya yi shi ya san kasuwar kafin ya taɓa na'ura. Rilwanu na zaune yana saurare, fuskarsa na haske, ya bar yabon na sauka a kansa. Sai da namijin ya ciro ambulan ya ce, "Kai ne Malam Hashimu ko?"

Rilwanu ya ce, "A'a. Abokina ne. Yana Batsari."

Suka ce ba za su iya ƙarasawa Batsari ba, ga shi ba waya. Takardar gayyata ce zuwa horo na mako biyu a Katsina, za a fara nan da kwana goma, kuma suna so ya nuna tsarinsa ga sauran mahalarta. Rilwanu ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ku ɗauka ta isa."

Bayan sun fita na ga ya sa ta cikin wani babban littafi ya tura aljihun tebur. Da aka kwana huɗu na tambaye shi, ya ce ya aika. Na san bai aika ba, don ban ga ya buɗe aljihun ba. Na yi shiru, na ce ba ruwana. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Kwana goma suka wuce. Aka maido da sabis daga baya. Mutanen ba su sake dawowa ba, ina jin sun ɗauka Hashimu ne bai ga dama ba.

Shekara ɗaya da rabi aka yi a haka. In sun haɗu wurin jana'iza ko ɗaurin aure a Zakka su gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba komai cikinta. Sai 2023 ta zo da tsadar mai, kuɗin tafiya ɗaya ya koma kamar na uku. Wasu 'yan kasuwa biyu masu irin sana'ar Alhaji suka roƙe shi a haɗa kai, mota ɗaya ta riƙa ɗaukar kayan kowa. Shaguna huɗu suka koma goma sha ɗaya. A nan tsarin Hashimu ya fara tangal-tangal. Kayan wannan su fito a shafin wancan, magani ɗaya ya bayyana sau uku, wata safiya shafin ya ce a kai buhu tamanin Zakka, alhali takwas ne. Jinjiri ya yi tafiyar banza sau biyu, Alhaji ya fara ɗaure fuska.

Ranar wata Laraba, ana tashi daga makaranta, sai ga Hashimu a ƙofar ofis da wayoyi cike da leda. Ya gaishe ni, ya juya ga abokinsa.

"Rilwanu, abin ya fi ƙarfina. Iyakar abin da ka koya mani ke nan, na kai ƙarshensa. In ba kai ba ban san wanda zan nufa ba."

Rilwanu ya daɗe yana kallon ledar. Ya ce da ni daga baya a wannan lokacin abu biyu ya ji tare: daɗi, wai ga shi ya durƙusa, da kuma kunyar jin daɗin. Ya jawo kujera ya ce, "Zauna mu gani."

Kafin la'asar ya gano matsalar. Hashimu da suna yake bambanta kaya, to ga mai jan murfi na Alhaji, ga mai jan murfi na wani, tsarin ya ɗauka abu ɗaya ne. Rilwanu ya ce sai an ba kowane kaya da kowane shago lambarsa a ciki, inda mai shago ba zai gani ba, a kuma raba bayanan gida-gida. Yana bayani yana zane a takarda, muryarsa ta dawo irin ta da. Can ya ce, "Kuma a nan sai mu ƙara shafin da zai nuna yadda kasuwa ke hawa da sauka wata-wata."

Hashimu ya ce, "Wa zai duba shi?"

Rilwanu ya soke abin da ya zana.

Mako biyu suka yi suna aikin, har da kwana uku da Rilwanu ya bi motar Jinjiri, karonsa na farko. Ya dawo da ciwon baya, ya ce mani bai taɓa sanin shagon Tsaskiya ba shi da taga ba, shi ya sa Mati ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Tsarin ya miƙe. Daga waje ba abin da ya canza, hotunan kwalaben nan ne dai, amma bai sake ruɗewa ba.

Ranar da suka gama, ina zaune, Rilwanu ya jawo aljihun tebur ya ciro littafin. Ambulan ɗin ta yi ja a gefe. Ya ajiye ta gaban Hashimu ya ce, "Taka ce. Tun lokacin da ba sabis aka kawo. Ban manta ba, kada ka ce mantuwa ce. Ƙin ba ka na yi."

Hashimu ya buɗe ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ninke ta.

"Da ka kawo mani, da cewa zan yi mu tafi tare. Ni ina zan iya tsayawa gaban mutane da Turanci? Kai za ka yi bayanin."

Rilwanu ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mani."

"Na yafe," in ji Hashimu. Ya sa takardar a aljihu, ya tattara wayoyinsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Duk zuwan da na yi ana cewa ba ka nan, ina ganin babur ɗinka. Na ɗauka wani laifi na yi maka. Har Inna na sa ta tambayi mahaifiyarka." Ya fita.

Ya yafe ɗin, amma zaman benci bai dawo ba. Bayan wata shida wani babban dillalin kayan noma a Katsina ya ɗauki Hashimu aiki, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma can. Kafin ya tafi ya gaya wa Alhaji Uwaisu cewa ba wanda zai iya riƙe tsarin sai Malam Rilwanu, kuma shi ke riƙe da shi har yau. Shaguna sun kai goma sha shida. Kusan duk abin da ke cikinsa yanzu aikin Rilwanu ne, amma ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna sai tsarin Hashimu.

Bara aka yi mani canjin wurin aiki zuwa Batsari, ba mu cika haɗuwa da Rilwanu ba. Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne, ya kawo ƙaramar 'yarsa da zazzaɓi, ni kuma na kai mahaifiyata awon jini. Muka zauna a inuwar dalbejiya muna jiran layi. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya ce an ce Hashimu ya sayi mota.

Na ce, "Ka ji daɗi?"

Ya yi 'yar dariya. "Na yi mashi addu'a. Sai da na yi ta sau uku kafin ta fito daidai."

Aka kira sunan yarinyar. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya ɗauki takalmanta a hannu ɗaya, ya shiga.